Katangar Bakin Kori

'Ya'yana, kun sha tambayata yadda aka yi magazar babanku, ɗakin da yake ajiye hatsi, ta ɓace daga bayan gida, kuma na san kowannenku yana riƙe da amsar da ya tsinta a bakin dangi. Wasu sun ce meri, wato hukumar gari, ce ta rushe mana ita da ƙarfi, wasu sun ce maƙwabcinmu Agali ne ya kai mu ƙara. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. A shekarar da abin ya faru manyanku suna karatu a Maraɗi da Yamai, ƙananan kuma ba su isa riƙe magana ba. Bari in faɗa muku da kaina tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Shekarar da ciwo ya kama babanku ce. An gama girbi, yana tsaye a ƙofar magaza yana kallon ana sauke buhunan geron da ya sayo, sai kawai ya sulale ya zauna a ƙasa. Da aka sallamo mu daga likita, wato asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a gaban kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Dakoro da Maraɗi, wanda in yana ciniki a kasuwa ana jiyo muryarsa daga layin masu tumaki, ya koma sai an tayar, sai an kwantar. Yayarsa, Gwaggo Habsu, ta baro gidanta a Ɗan Gulbi ta zo ta zauna da mu, domin ni da safe ina lekol ina koyarwa, ba ni da wanda zan bar masa.

A lokacin gidanmu katangar gaba kawai gare shi. Baya da gefe dangar kara ce, wadda ake sabuntawa duk kaka. Da yana da lafiya abin bai taɓa damunsa ba, kullum sai ya ce baɗi za a gina. To yanzu ga shi wuni yake a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar bedi, matan da ke zuwa itace da masu kora awaki suna bi ta bayan danga, suna hango ana ba shi fura a baki, ana share masa haɓa. Ba da mugunta suke yi ba. Wasu har tsayawa suke su yi masa sannu ta saman kara, da irin muryar nan ta tausayi. Na lura duk sa'ad da ya ji takun mutum sai ya rufe ido ya yi kamar mai barci. Wata rana na dawo daga aiki, ya riƙe bakin zanena da hannunsa mai lafiya.

"Hadiza, katanga," ya ce. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin sauran ta fito. "Ki rufe ni."

Akwai kuma maganar kori. Kun san shi, hanyar ruwan nan da ta bi ta bayan gidanmu, wadda yawancin shekara yashi ne kawai, amma in damina ta kankama sai ta cika ta taho da gudu. Kowace shekara korin yana ɗan cin gaɓarmu, har ya kusa kai wa gindin magaza. Don haka katangar da muke bukata aiki biyu za ta yi, ta suturta mu, ta kuma tare ƙasa kada ta ci gaba da zubewa. Na kira magini. Babanku ya nuna masa da hannu cewa ya zagaye magaza ta baya, aka fara haƙa tushe can cikin yashin kori.

Ba a yi nisa da haƙa ba sai ga wani ma'aikacin meri mai duba gine-gine a kan moto, wato babur. Da ya cire hular kansa sai na gane shi. Lawali ne, yaron da na taɓa koyarwa yana ƙarami, ya zama magidanci har da gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi mai jiki, sannan ya zagaya ya tsaya a kan ramin ya daɗe yana kallo.

"Madam, ba ku nemi izini ba," ya ce a hankali.

"Izinin me, Lawali? Gidanmu ne."

"Gidanku ne, Madam. Amma katanga mai tare ƙasa a bakin ruwa, sai an zo an duba inda iyaka take, an ga yadda ruwa zai wuce. Kuma maƙwabcin da ruwan ke bi ta wajensa sai ya yarda a gaban mai unguwa. Haka ake yi wa kowa."

Ya sa aka tone yashi har aka gano born, ɗan dutsen simintin nan da aka kafa tun lokacin da aka yanka filayen unguwar. Da ya ja igiya daga wannan born zuwa ɗaya, sai igiyar ta ratsa tsakiyar magaza. Rabin ginin a wajen filinmu yake, cikin hanyar ruwa. Kada ku ɗauka babanku ya ci iyakar wani ne. Sa'ad da ya gina ta wajen nan daji ne, babu gida ko ɗaya a ƙasanmu, babu wanda ya damu da inda born yake. Amma Lawali ya ce ba zai iya sa hannu ba sai in katangar ta bi igiya. Ma'ana, sai magaza ta tafi.

Gwaggo Habsu tana jin haka ta ajiye muciya.

"Wanga yaro ba ke kika koya mishi karatu ba? Ki tahi ki ce ya kau da kai. Wa ke zuwa bayan gidan mutane shina auna yashi?"

Washegari na je ofishinsa na roƙe shi. Na gaya masa abin da magazar nan take a wurin babanku, cewa muddin tana tsaye yana ganin wata rana zai miƙe ya koma saye da sayarwa. Lawali ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sai ya ce in yi haƙuri in biyo shi. Muka dawo unguwa, muka gangara cikin kori da ƙafa, ya tsayar da ni a bakin ramin da aka haƙa, ya ce in juya in dubi inda ruwa zai nufa in ya bugi katanga a nan. Na juya. Abin da ke gabana bangon ɗakin Agali ne, na laka, a ƙetaren kori kuma ƙasa da mu. A gindin bangon jikokinsa suna wasa, matarsa Tima tana tankaɗe.

"Ruwa ba ya ɓacewa, Madam," ya ce. "In kuka matse shi nan, can zai fashe. In na sa hannu, ni da ku duka ba za mu ƙara barci da damina ba."

A nan sai in koma baya kaɗan, don ku gane nauyin abin. Agali mutumin Azagor ne, can arewa wajen makiyaya. Ya sauko Dakoro bayan fari ya kashe masa dabbobi, ya sami filin da ke ƙasanmu, yana sana'ar jan ruwa da amalanken jaki. Da farko suna shiri da babanku. Sai wata damina babanku ya jera buhunan yashi a bayan magaza don ya kare ta, ruwa ya juya ya kayar da ɗakin Agali guda, ya tafi da awakinsa. Agali ya kai maganar gaban mai unguwa, cikin zafin rai ya faɗi abin da babanku bai taɓa mantawa ba, cewa mai kuɗi ya fi son geronsa da ran talaka. An sasanta, an biya abin da za a biya, amma daga ranar ko a masallaci sai dai kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa yatsu ya wuce. Shekaru suka shuɗe a haka. Ni da Tima ma muka daina aika wa juna tuwon salla, ba don mun yi faɗa ba.

Da na hau daga kori na riga na san abin da zan yi. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan faɗa. Gwaggo ta ce in bari sai an rushe, in ce masa meri ce ta matsa. Ban yarda ba. Ciwo ya ƙwace masa hannu da ƙafa, ban ga dalilin da ni kuma zan ƙwace masa sanin abin da ke faruwa a gidansa ba. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma kusa da kujerarsa, na gaya masa komai, born da igiya da bangon Agali. Na ce zan je wurin Agali in nemi yardarsa, kuma zan sa a sauke magaza.

"A'a," ya ce.

"Alhaji, in ba haka ba babu katanga. In muka gina a ɓoye, ruwa ya kashe yaro a gidan can, da wane ido za mu dubi mutane?"

Ya daɗe yana kallona. Hawaye ya zubo ta idon nan na ɓarin da ya shanye, wanda ba ya iya tsayar da shi.

"Kin gama da ni ke nan," ya ce.

Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa faɗa mini magana mai ciwon wannan ba. Daga ranar ya daina karɓar abinci daga hannuna. In na kawo fura sai ya kau da kai, sai Gwaggo ta karɓa ta ba shi. In na gaishe shi da safe sai ya dubi bedi. Ina zuwa lekol ina tsayawa gaban allo, in rubuta kalma in manta abin da ya sa na rubuta ta. Gwaggo Habsu, Allah ya ji ƙanta, duk da ba ra'ayinta na bi ba, ba ta taɓa zuga shi ba. Nakan jiyo ta daga madafa tana yi masa faɗa irin na yaya.

"Kai dai tun kana ƙarami haka kake, in ka yi hushi sai ka ƙi cin tuwo. Buɗe baki, ni ba matarka ba ce da zan lallashe ka."

Na tafi gidan Agali da hantsi, ni da Gwaggo. Muka same shi ya dawo daga jan ruwa, yana hura gawayin shayi, rawaninsa ya rufe masa rabin fuska kamar yadda mutanen Azagor suke yi. Tima ta shimfiɗa mana tabarma tana ta sannu da zuwa, kamar jiya muka rabu. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya zuba shayi ya miƙo mana.

"Shi Alhaji ya yarda a kada magaza?"

"Bai yarda ba. Ni na yanke."

Ya sunkuyar da kai yana juya ɗan kofin a hannunsa.

"Tun da ya kwanta nake zuwa ƙofarku in koma," ya ce. "Ina tsoron kada ganina ya ƙara mishi ciwo. Madam, ku gina. Zan je gaban mai unguwa in ce na yarda. Ruwan gini kuma kada ku nemi wani, ni zan kawo."

Kun san yadda ruwa yake a Dakoro da bazara, ba sai na gaya muku girman wannan alkawari ba. Muka je gaban mai unguwa, aka yi shaida, Lawali ya kawo takardar izini da kansa har gida. Ya zauna da magini ya zana masa yadda za a yi, tushe mai zurfi da faɗi, katangar ta yi kauri daga ƙasa, a bar ƙananan kafofi a jikinta don ruwan da ƙasarmu ta sha ya riƙa tsiyayewa kada ya tura ta. Magini ya ɗan yi gunaguni a kan siminti, amma ya bi.

Ranar da aka sauke magaza na so a shigar da babanku ɗaki, ya ƙi. Yana zaune aka cire ƙofar ƙarfen, aka fito da ma'auninsa aka jingine shi a zaure, aka kwance kwano. Bai rufe ido ba ko sau ɗaya. Ni ce na kasa kallo, na shige madafa na zauna a kan turmi.

Daga nan Agali ya fara shigowa da tano, wato gangar ruwa, kowace safiya. Dole ya bi ta tsakar gida, dole ya wuce ta gaban kujera. Yakan tsaya ya ce, "Alhaji, sannu da jiki," babanku ya kau da kai, shi kuma ya wuce ya juye ruwansa. Haka aka yi ta yi har gini ya kai ƙugu. Wata ranar Alhamis ina gida, ni da Gwaggo muna ƙoƙarin mai da shi kan kujera bayan mun yi masa wanka, sai ƙafarsa ta zame, ya faɗi a kan yashi, zanen da muka ɗaura masa ya kwance. An riga an cire danga, katanga ba ta kai ta rufe ba, ga maginin da mutanensa a tsaye. Mu biyu mata mun kasa ɗaga shi. Ban san sa'ad da Agali ya iso ba. Sai dai na ga ya warware rawaninsa, shi da ban taɓa ganin bakinsa ba duk zamanmu, ya lulluɓe babanku da shi daga ƙirji zuwa gwiwa, sannan ya sa hannu ya ɗauke shi cak ya zaunar. Ya juya ya ce wa masu gini su koma bakin aikinsu. Bai jira godiya ba, ya ja jakinsa ya fita da kai a buɗe.

Washegari da ya ce, "Alhaji, sannu da jiki," sai muka ji an amsa.

"Yauwa. Zauna."

Ya zauna a bakin tabarma. Ba su yi wata hira ba, ɗaya magana sai da ƙyar, ɗaya ba mai yawan magana ba ne. Amma daga ranar, in ya gama juye ruwa sai ya ɗan zauna.

An gama katanga ana saura kaɗan damina ta faɗi. Ruwan farko da na biyu ba su kawo kori ba. Sai wata rana bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa irin wanda tsofaffi ke tunawa da shi. Muna cikin ɗaki muka ji rurin kori yana tahowa. Na yafa buhu na fita, na taka turmi na leƙa ta saman katanga. Ruwa ja wur, yana ɗauke da kara da rassa, ya cika wurin da magaza take a da, ya bi jikin katangarmu ya wuce, bai ko lashi bangon Agali ba. A can ƙetare na hango shi tsaye cikin ruwan sama da jika a kafaɗa, yana kallon abin da nake kallo. Lawali ma ya zo da yamma, moto duk taɓo, ya zagaya ya duba kafofin suna tsiyaya, ya gaishe mu ya tafi. Har yau in na yi salla ina sa yaron nan a addu'a. Da ya ji kunyata ya sa hannu a ranar da na roƙe shi, ban san abin da zan rubuta muku yau ba.

Da na koma ɗaki jiƙe sharkaf, babanku ya dube ni.

"Ta tsaya?"

"Ta tsaya, Alhaji."

"Ɗakin Agali?"

"Yana nan."

Ya yi ajiyar zuciya. Can ya nuna ƙwaryar furar da ke rufe a gefe. Gwaggo ta miƙa hannu za ta ɗauka, ya girgiza kai, ya nuna ni da haɓa. Gwaggo ta tashi ta ce bari ta je ta ga ko kaji sun jiƙe.

Bayan damina ya ce yana son a fasa ƙofa a katangar, ta wajen kori. Na ce katangar da muka sha wahala a kanta? Ya ce zagayen ya yi wa Agali nisa. Na koma wurin Lawali, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya zo ya nuna inda za a fasa ba tare da an raunana ginin ba, ya ce a ɗaga dokin ƙofar sosai, a yi matakala zuwa cikin yashi. Ita ce 'yar ƙofar nan shuɗiya da kuka tashi kuna bi.

Lokotoro, mai duba shi a asibiti, ya daɗe yana cewa babanku ya riƙa gwada tafiya da sanda, yana ƙi. Da aka yi ƙofar sai ya fara, daga kujera zuwa bedi, daga bedi zuwa katanga, yana jan ƙafa yana haki. Wata safiya bayan sallar layya na fito na ga kujera babu kowa, ƙofar kori a buɗe. Na ruga. Ya riga ya sauka matakala, yana tsakiyar yashi, sanda tana nutsewa. Agali yana tsaye a ɗaya gaɓar, hannuwansa a baya, bai matso ba. Na ɗaga ƙafa zan sauka.

"Bar shi, Madam," in ji Agali.

Na tsaya a bakin ƙofa ina riƙe da ƙarfenta. Babanku ya ja ƙafa, ya huta, ya sake ja. Sau ɗaya ya yi tangaɗi har na rufe ido. Da na buɗe ya kai gaɓa, ya kama hannun da aka miƙo masa, ya zauna a kan tabarmar da Tima ta shimfiɗa. Agali ya zuba shayi ya ba shi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, sannan ya ɗago ya yi magana da ƙarfin da na jiyo daga inda nake.

"Ya huce."

"Kai ka daɗe a hanya, Alhaji," Agali ya ce, ya mai da butar kan gawayi.